Li Qingzhao: Tarken Rayuwa, Aure da Waƙoƙin Wata Marubuciyar Ƙasar Sin

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya daɗe yana bin tarihin gidajen sarauta da na malamai ya san cewa tarihi yana da maƙiya iri biyu. Akwai mai ƙiyayya, wanda yake ɗora wa mutum laifin da bai yi ba. Akwai kuma masoyi, wanda yake goge abin da mutum ya yi don yana ganin bai dace da darajarsa ba. A shekarun da na yi ina aikin gwamnati, da waɗanda na yi ina tattara tarihi bayan na ajiye aiki, na lura cewa ɓarnar masoyi ta fi wuyar gyara, domin da kyakkyawar niyya yake yin ta, jama'a kuma suna son abin da ya faɗa.

Wannan maƙala za ta duba wannan matsala ta hanyar rayuwar Li Qingzhao (ana furta sunan kusa da Li Cing-jau), macen da Sinawa suka ɗauka a matsayin babbar mawaƙiyarsu ta zamanin da. An haife ta a 1084, ta rasu wajen 1155. Zan kawo tarihinta da na aurenta biyu, sannan in auna yadda aka karanta waƙoƙinta, in kuma faɗi ra'ayina.

2.0 Asalinta da Aurenta na Farko

Li Qingzhao 'yar yankin Jinan ce a lardin Shandong, a zamanin Daular Song ta Arewa. Mahaifinta Li Gefei malami ne kuma ma'aikacin fada, yana cikin almajiran shahararren marubuci Su Shi. Mahaifiyarta ma daga gidan manyan ma'aikata ta fito, kuma ta yi karatu. Saboda haka yarinyar ta tashi a cikin littattafai, tun kafin ta yi aure sunanta ya fara zagaya majalisun malamai a Kaifeng, babban birnin daular.

A 1101 aka ɗaura mata aure da Zhao Mingcheng, ɗalibi a babbar makarantar fada. A lissafinsu tana da shekara 18, shi kuma 21. Auren ya haɗa gidaje biyu da suke ɓangarori daban a siyasar fada. Surukinta Zhao Tingzhi yana tare da masu goyon bayan sauye-sauyen da Wang Anshi ya kawo, mahaifinta kuwa yana ɗaya ɓangaren. A 1102 aka sa sunan Li Gefei a jerin waɗanda aka haramta wa muƙami, a daidai lokacin da tauraron surukin yake hawa har ya kai matsayin waziri. Amarya ta rubuta wa surukinta waƙa tana roƙon a sassauta wa mahaifinta. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa tun farko ba mai naɗe hannu ba ce.

Abin da ya haɗa zukatan ma'auratan shi ne son kayan tarihi. Zhao yana tara kwafin rubuce-rubucen da ke jikin duwatsu da tukwanen tagulla na dā. Yadda ake ɗaukar kwafin shi ne a jiƙa takarda a manna a jikin rubutun, a bubbuga ta shiga ramukan haruffa, sannan a shafa tawada, sai haruffan su fito fari a kan baƙi. Ta bayar da labarin cewa ranar 1 da 15 ga kowane wata, idan ya samu hutun makaranta, yakan jinginar da tufafinsa a kan kwabo 500, ya je kasuwar da ke ci a wurin ibada na Xiangguo ya sayo kwafi da 'ya'yan itace, su zauna suna ci suna nazari. Wata rana aka kawo musu zanen furanni na tsohon mai zane Xu Xi a kan kwabo 200,000. Suka riƙe shi kwana biyu suna kallo, kuɗi bai samu ba, suka mayar.

A 1107 Zhao Tingzhi ya rasu jim kaɗan bayan an sauke shi, abokan hamayyarsa suka juya kan iyalinsa. Ma'auratan suka koma Qingzhou, suka yi kimanin shekara 10 ba muƙami. A nan ne aka samu labarin da ya fi kowane shahara. Bayan cin abinci sukan dafa shayi, ɗaya ya ambaci wani al'amari, a faɗi littafin da yake ciki da juzu'i da shafi da layi. Wanda ya dace shi zai fara sha. Ita ce ta fi yawan ci, har dariya takan sa shayin ya zube mata a jiki.

3.0 Yaƙi, Gudu da Takaba

A farkon 1127 mayaƙan Jurchen na Daular Jin suka ci Kaifeng, suka tafi da sarki Qinzong da mahaifinsa Huizong. Ragowar gidan sarauta suka tsere kudu suka kafa Song ta Kudu. A shekarar ce mahaifiyar Zhao ta rasu a Jiangning, wato Nanjing ta yau. Bayan an tankaɗe an rairaye, aka loda amalanke 15 na littattafai da kayan tarihi aka nufi kudu. Abin da aka bari a Qingzhou, fiye da ɗaki 10, wuta ta cinye shi kafin ƙarshen shekarar.

An ba Zhao riƙon birnin Jiangning. A 1129 wani hafsa ya shirya bore, sai Zhao ya sauka ta ganuwa da igiya cikin dare ya bar garin. Ya rasa muƙamin. Bayan 'yan watanni aka sake naɗa shi a Huzhou, aka kira shi fada. Ranar rabuwarsu a Chiyang, tana cikin jirgin ruwa yana bakin gaɓa, ta tambaye shi yadda za ta yi idan yaƙi ya iso. Ya ce ta fara zubar da kayan ɗaki, sai tufafi, sai littattafai da zane-zane, sai tsofaffin kayan tagulla, amma kayan ibadar kakanni ta riƙe su a jikinta, ko ta tsira da su ko ta mutu da su. A hanya masassara ta kama shi, ya rasu ranar 18 ga wata na takwas na kalandarsu a 1129. Ba su haihu ba.

A lokacin tana da juzu'i 20,000 na littattafai da kwafi 2,000. Ta aika mafi yawansu Hongzhou wurin mijin ƙanwar Zhao, Jurchen suka ci garin, kaya suka salwanta. Aka kuma baza jita-jita cewa marigayin ya ba abokan gaba wani tulu mai daraja, don haka ta ɗauki kayan tagullar da suka rage ta bi ayarin sarki gari-gari a gaɓar teku don ta miƙa su ta wanke sunansa. A Shaoxing ɓarayi suka huda bangon ɗakin da take haya suka kwashe kwando biyar daga ƙarƙashin gadonta. Da ta sa lada, wani maƙwabci ya fito da zane 18, ta gane cewa ɓarawon bai yi nisa ba.

4.0 Auren Kwana Ɗari

A 1132, a Hangzhou, tana da shekara 49 a lissafinsu, ba ta da lafiya, ba ɗa ba miji, ta auri wani ƙaramin jami'i mai binciken kuɗin soja, Zhang Ruzhou. A wasiƙar da ta rubuta daga baya ta ce an yaudari ƙanenta ne a lokacin da take kwance, kuma mutumin ragowar kayanta yake so. Da bai samu yadda yake so ba sai ya koma dukanta.

Dokar wancan zamani ba ta ba mace hanyar neman saki cikin sauƙi ba. Sai ta bi ta wata ƙofa. A tsarinsu, wanda ya zauna jarrabawar shiga aikin gwamnati sau da yawa bai ci ba, akan ba shi ƙaramin muƙami na alfarma. Zhang ya ƙara yawan zaman da ya yi a takardunsa. Duk tsohon ma'aikaci ya san nauyin irin wannan laifi idan aka buɗe fayil. Ta kai ƙararsa, aka tabbatar da laifin, aka tuɓe shi aka kora shi Liuzhou, aure ya mutu bayan kimanin kwana 100. Amma dokar ta tanadi ɗaurin shekara biyu ga matar da ta kai ƙarar mijinta, ko da gaskiya ta faɗa. Ta san da haka kafin ta shiga. An tsare ta kwana tara, sannan Qi Chongli, babban magatakarda a fada wanda yake da dangantaka ta aure da gidan Zhao, ya sa baki aka sake ta.

Marubutan zamaninta sun ambaci wannan aure, mafi yawa da ba'a. Hu Zi da Wang Zhuo da Chao Gongwu duk sun kawo shi. Masanin tarihi Li Xinchuan ya rubuta shari'ar a kundinsa na shekara-shekara, Zhao Yanwei kuma ya adana wasiƙar godiyarta ga Qi Chongli.

5.0 Yadda Masoya Suka Goge Auren

A zamanin Song, bazawara ta sake aure ba baƙon abu ba ne. Mahaifiyar babban ɗan siyasa Fan Zhongyan ma ta sake. Amma koyarwar malami Cheng Yi, wadda ta fifita mutuwar bazawara da yunwa a kan sake aure, ta yi ta ƙarfi, har a zamanin Ming da Qing hukuma ta riƙa gina ƙofofin girmamawa ga matan da suka ƙi sake aure. Malaman da suke ƙaunar waƙoƙin Li Qingzhao suka shiga tsaka mai wuya: ba za su iya barin waƙoƙin ba, ba za su iya haɗiye labarin ba.

Mafitar da suka samu ita ce musun labarin. Xu Bo ya fara a zamanin Ming. A zamanin Qing Yu Zhengxie (1775 zuwa 1840) ya yi dogon rubutu yana cewa maƙiyanta ne suka sauya wasiƙar suka cusa maganar aure. Lu Xinyuan da Li Ciming suka bi sahu. Daga cikin hujjojinsu akwai waɗannan uku: ta tsufa, 'yar babban gida ce, kuma tana son mijinta na farko. A ganina waɗannan duka zato ne game da abin da ya kamata mace ta yi, babu takarda ko ɗaya a cikinsu. Mutanen da suka rayu tare da ita sun ce an yi, waɗanda suka zo bayan shekara 400 zuwa 700 sun ce ba a yi ba. Mai tarihi ya san inda zai karkata. A 1957 Huang Shengzhang ya sake jera shaidun zamanin Song, kuma a yau mafi yawan manazarta sun yarda an yi auren.

Abin da ya fi damuna shi ne asarar da wannan musu ya jawo mata. A cikin duk tarihinta babu inda ƙarfin halinta ya bayyana kamar a wannan shari'a. Mace ita kaɗai, a garin da ba nata ba, ta zaɓi kurkuku da surutun jama'a a kan zaman wulaƙanci. Masu son kare mutuncinta sun cire mata wannan, suka bar mana wata mai kuka a bakin taga.

6.0 Tarken Bayanin Ƙarshe na Kundin Zhao

Kusan duk abin da aka sani game da aurenta na farko daga rubutu ɗaya ya fito: bayanin da ta ɗora a ƙarshen littafin mijinta, Jinshi lu, wato kundin rubuce-rubucen tagulla da dutse. Littafin yana da juzu'i 30, ya jera abubuwa 2,000, da sharhi a kan 502 daga ciki. Mafi yawan masana sun sa bayanin nata a 1134. Shekaru aru-aru ana karanta shi a matsayin hoton aure mara aibi. Manazarcin Amurka Stephen Owen, a littafinsa na 1986, ya jawo hankali ga abin da ke biye da labarin shayi.

Ta ce da littattafai suka yi yawa, sai aka yi manyan akwatuna, aka sa makulli, aka buɗe rajista. Mai son karatu sai ya nemi mabuɗi, a rubuta, idan ya ɓata shafi a tuhume shi ya gyara. Ta faɗa a fili cewa ba ta iya jure wannan ba, har ta rage cin nama da sayen kayan ado don ta sayi littattafan da za ta karanta yadda take so. Wanda ya taɓa neman fayil a ofis ya san yadda wannan tsari yake, amma a tsakanin miji da mata, a gidan da dā ake zubar da shayi don dariya, abin yana da ciwo. Sai kuma umarnin bakin gaɓa. Ya jera kaya daki-daki gwargwadon darajarsu, ita kuma ya haɗa ranta da na ƙarshe. Ba ta yi sharhi ba, ta dai kawo maganar ta ce ya hau doki ya tafi. Haka kuma ta ambata cewa a gadon mutuwa ya ɗauki alƙalami ya rubuta waƙa, bai bar wasiyya game da iyali ba.

Duk da haka ban yarda da masu mayar da rubutun takardar ƙorafi ba. Ƙaunar da ke cikinsa a bayyane take, musamman inda ta tuna shi yana ɗaure juzu'ai da zare a Laizhou, ta ce tawadar hannunsa kamar sabuwa alhali itatuwan kabarinsa sun girma. Gwanintarta ita ce ta ajiye daɗi da ɗaci a shafi ɗaya ba tare da ta yi wa mai karatu hukunci ba.

Sai dai dole a faɗi ɗaya gefen. Rubutun ba shaidar ɗan ba-ruwanmu ba ne. Ta yi shi ne bayan abin kunyar 1132, tana bukatar ta maido da matsayinta na matar Zhao kuma mai riƙon amanar aikinsa. Ba ta ambaci saukarsa ta ganuwa ba, ba ta ambaci Zhang Ruzhou ba. Ita ma ta san abin da za ta goge. Mai nazari ya kamata ya karɓi bayaninta da girmamawa, ya kuma gwada shi da sauran takardu kamar yadda zai yi wa kowace shaida.

7.0 Waƙoƙinta: Jigo da Salo

Sunanta ya fi fita a nau'in waƙar da ake rubutawa a kan karin da aka riga aka sani. Sinawa suna rubuta sunan nau'in ci, amma furucinsa ya fi kusa da tsi, don haka zan kira shi tsi. Kowane kari yana da adadin kalmomi da hawa da saukar murya da ba a saɓawa. Mata mawaƙa ne suke rerawa a wuraren shaƙatawa, maza malamai kuma su ne suke rubutawa, sau da yawa da muryar macen da aka bari cikin kewa.

A nan ne kuskuren masu sharhi ya samo asali, kamar yadda Ronald Egan ya nuna a littafinsa na 2013. Idan namiji ya rubuta da muryar mace mai kewa, sai a ce fasaha ce. Da Li Qingzhao ta yi haka, sai aka ce labarin gidanta take bayarwa. Mafi yawan waƙoƙin ba su da kwanan wata. Masu tsara diwani suka raba su da kansu: mai fara'a ta ƙuruciya ce, mai kewa ta lokacin da miji ya yi tafiya, mai baƙin ciki ta takaba. Daga nan kuma suka juyo suna kafa hujja da wannan jeri a kan yadda rayuwarta ta kasance. Mai ƙara da shaida da alƙali sun zama mutum ɗaya.

Akwai kuma matsalar ingancin matani. Diwaninta na asali ya ɓace. Tarin da Zeng Zao ya yi a 1146, tana da rai, ya ƙunshi tsi 23 nata. Bayan ƙarnuka adadin ya yi ta ƙaruwa, kuma da yawa daga cikin waƙoƙin amarya mai shagwaɓa a littattafan baya suka fara bayyana. Haka labarin da ake so, cewa Zhao ya kulle kansa kwana uku ya rubuta waƙa 50 don ya fi ta, abokinsa kuma ya zaɓi layuka uku da suka zama nata ne, daga Langhuan ji ya fito, littafin da masana ba su amince da shi ba.

Idan aka tsaya ga waƙoƙin da suka inganta, me ake gani? Na farko, tattalin kalma. A wata waƙa mai kalma 33 kacal a karin Ru meng ling ta gina wasan kwaikwayo cikakke: an kwana ana ruwa da iska, uwar ɗaki ta tambayi baiwarta halin furanni, baiwar ta amsa ba tare da ta duba ba, uwar ɗaki ta gyara mata. Ba a ambaci tsufa ko shuɗewar ƙuruciya ba, amma mai sauraro ya ji su. Na biyu, kunne. Waƙarta a karin Sheng sheng man ta buɗe da kalmomi bakwai, kowace an ninka ta, abin da mawaƙan baya suka yi ta kwaikwayo ba su kamo ba. Na uku, ta shigar da maganar yau da kullum cikin kari mai tsauri ba tare da ta karya shi ba. Rauninta, idan za a kira shi haka, shi ne jigogin tsi ɗinta ba su da faɗi: fure, giya, ruwan sama, kewa. Amma nau'in ne ya gindaya wannan iyaka, kuma ita da kanta ta kare iyakar.

A maƙalarta kan tsi, wadda Hu Zi ya adana, ta bi manyan maza ɗaya bayan ɗaya. Ta ce Liu Yong ya san kari amma kalmominsa na kasuwa ne, Su Shi da Ouyang Xiu kuma duk da zurfin iliminsu waƙoƙinsu ba sa hawa kari. Su Shi malamin mahaifinta ne. Hu Zi ya kawo maƙalar ne don ya yi mata ba'a, sai ga shi ta hanyarsa ta tsira. A waƙoƙinta na ɗaya nau'in, shi, murya ta sauya gaba ɗaya. A wata mai layi huɗu ta yabi Xiang Yu, jarumin da ya ƙi haye kogi ya tsira a shekara ta 202 kafin Miladiyya, a lokacin da fadar Song ta haye kogi ta gudu. A 1133 ta rubuta wa jakadun da aka tura wurin Jin dogayen waƙoƙi kan ƙasar da aka rasa. A 1134, a Jinhua, ta yi littafi kan wani wasan dara na dawaki, ta cika shi da maganar dabarun yaƙi. Wanda ya san ta ta hanyar labarin shayi kawai bai san rabin ta ba.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ra'ayina ya tsaya a kan abubuwa uku. Aurenta da Zhao Mingcheng aure ne na ƙauna da ilimi, yana kuma da makulli da rajista a cikinsa. Aurenta na biyu ya faru, kuma yadda ta fita daga cikinsa abin a yaba ne. Waƙoƙinta kuwa aikin gwana ce da ta san ƙa'idar sana'arta har ta yi wa manya gyara, don haka a auna su da ma'aunin fasaha kafin a nemi sirrin ɗakinta a cikinsu.

Mawaƙi Lu You ya rubuta a tarihin wata mata 'yar gidan Sun cewa a ƙarshen rayuwarta Li Qingzhao ta ga yarinyar, tana da kimanin shekara 10, ta yi mata tayin koya mata abin da ta sani. Yarinyar ta ƙi, ta ce wannan ba aikin mata ba ne. Lu You ya kawo labarin ne don ya yabi yarinyar. A yau akwai gidan tunawa da Li Qingzhao a kusa da maɓuɓɓugar Baotu a Jinan, yara kuma suna haddace waƙoƙinta a makarantun ƙasar Sin.

Ga mu masu tattara tarihin garuruwanmu, darasin a sarari yake. Idan muka tarar da abin da ba mu so a tarihin wanda muke girmamawa, mu rubuta shi yadda takarda ta kawo, mu faɗi wanda ya faɗa da lokacin da ya faɗa. Da Li Xinchuan da Zhao Yanwei sun yi wa Li Qingzhao irin karar da Yu Zhengxie ya yi mata, da ba mu san kwana taran da ta yi a tsare ba, da kuma dalilin da ya kai ta can.